Abin da Wiratmo Ya Nema Kafin Aski

Da gurbi ya samu a teburin karɓar baƙi na otal ɗin da Pak Darmaji yake shugabantar sashen ma'aikata a birnin Semarang, wanda ya fara faɗo masa a rai shi ne Wiratmo, ɗan ƙanwarsa Sumirah. Yaron ya gama makarantar koyon aikin otal da sakamako mai kyau, yana jin Turanci, kuma yana da irin natsuwar da ake so ga mutumin da zai tsaya gaban baƙon da ya iso a gajiye. Sai dai Darmaji bai gama murnar tunanin ba gashin yaron ya faɗo masa, murnar ta koma ciki.

Wiratmo yana ɗan shekara uku zazzaɓi mai zafi ya kwantar da shi, da ya tashi sai gashinsa ya dunƙule ya zama igiyoyi. A kan dutsen Dieng, inda ƙauyensu yake, ba a tambayar dalilin wannan. Gimbal ake kiran irin wannan gashi, amanar kakannin dutsen, kuma ba a sa masa almakashi sai mai shi ya nema da bakinsa, ya kuma faɗi abin da yake so a ba shi, akuya ce ko keke ko kwandon ƙwai. In aka aske ba tare da haka ba, zazzaɓin ya dawo, gashin ma ya dawo. Yawancin yara sukan nema tun ba su gama firamare ba. Wiratmo bai taɓa nema ba. Ya girma, ya yi gemu, igiyoyin suka sauko har tsakiyar bayansa.

Darmaji ya san abin da mutanen birni suke gani in sun ga irin wannan kai. Ba sa ganin amanar kowa. Suna ganin makaɗin bakin titi, ko mai shan wiwi. Shi kansa ya sha mayar da masu neman aiki saboda abin da bai kai wannan ba, gashin da ya taɓa wuyan riga ko farcen da ba a yanke ba, kuma bai taɓa rasa barci a kan haka ba. Ranar hutunsa ya hau mota ya nufi dutse.

Ya tarar da Sumirah a kicin tana soya tempe, wainar waken soya, ga gawayi a kasko tsakiyar ɗaki saboda sanyi. Ta dube shi sama da ƙasa, ta kira shi Mas, wato yaya, kamar kullum.

"Mas, ka rame. Otal ɗin naku baƙi kaɗai yake ciyarwa?"

"Tsufa ne."

"Tsufa ko tunani. Zauna kusa da wuta, jikinka ya manta garinsu."

Ya zauna, ya karɓi shayi, ya gaya mata zancen gurbin. Fuskarta ta washe, har ta bar tempe ya soma ƙonewa. Sannan ya ƙara da cewa ba za a ɗauki yaron da wannan kan ba.

"Ai bai nema ba," in ji ta.

"Sai ya nema."

"Ji ka da wata magana. Kamar ba a bayan gidan nan aka binne cibiyarka ba. Ana sa mutum ya nema ne?"

"Sumirah, so kike ya ƙare a gonar dankali da takardarsa a akwati?"

Ta kwashe tempe, ta ware masa waɗanda ba su ƙone ba.

Wiratmo ya shigo daga gona da laka a takalmansa, ya duƙa ya kai hannun kawunsa goshi. Ya saurari zancen har ƙarshe bai katse ba.

"In ka ce a aske, Pakde, zan nema," ya ce wa kawun nasa.

"Ba ni zan ce ba. Kai za ka ce."

"To na ce."

Suka tafi gidan Mbah Ngadiman, dattijon da yake yi wa yaran ƙauyen askin tun Darmaji yana saurayi. Suka same shi a tsakar gida yana tsince irin kabeji. Ya gane Darmaji, ya tsokane shi da cewa mutanen birni ba sa hawa dutse sai sun zo ɗaukar wani abu. Da ya ji abin da ya kawo su sai ya ajiye farantin, ya kira Wiratmo ya zauna gabansa.

"Kai ke so, ko kawunka, ko otal?"

Wiratmo ya dubi ƙasa.

"Aikin nake so, Mbah."

"Na ji. Gashin fa? Ya dame ka?"

"A'a."

"Me kake so a ba ka?"

"Ban yi tunani ba."

Dattijon ya ɗauki farantinsa.

"To ba ka nema ba. Yaro ɗan shekara biyar in ya shirya, ba sai an tambaye shi ba, shi zai hana gida sakat da kukan akuyarsa. Darmaji, akwai wanzamai a Semarang, ba na hana ka. Amma hannuna ba zai taɓa kan nan ba."

A hanyar komawa Darmaji ya yi tunanin wanzaman. Bai tabbata ya yarda da zancen zazzaɓin ba, bai kuma tabbata bai yarda ba. Abin da ya sani shi ne in wani abu ya sami yaron, ba zai iya sake shiga kicin ɗin ƙanwarsa ba. Haka suka sauko birni da gashin.

Ranar intabiyu Wiratmo ya tashi da wuri ya wanke kansa, ya busar, ya tattara igiyoyin a ƙeya ya ɗaure da baƙin zare, ya gyara gemu, ya sa farar riga da baƙar kwat ta aro. Darmaji ya tsaya yana kallonsa ta madubi. Ta gaba, babu abin da za a kushe. Ta baya kuwa dunƙulen ya kai girman kwakwa.

Bu Herlina, manajar otal ɗin, mace ce mai saurin magana da saurin yanke hukunci. Darmaji ya riga ya gaya mata cewa ɗan ƙanwarsa ne, ya kuma ce zai fita in aka zo kansa. Ta ce ya zauna, ba kotu ba ce. Ya zauna a gefe, ya ƙudurta ba zai ce uffan ba.

Ta yi wa yaron tambayoyi masu wuya. Baƙo ya zo da takardar kama ɗaki amma ɗakin an ba wani, me zai yi? Baƙo yana zagi a gaban jama'a, me zai yi? Ta juya zuwa Turanci ba tare da gargaɗi ba, ya bi ta bai yi tuntuɓe ba. Darmaji ya ga ta daina juya alƙalaminta, kuma ya san ma'anar hakan. Sannan ta ce ya juya ta ga bayansa. Ya juya.

"Kana kiɗa ne?"

"A'a, Bu."

"Kana shan wani abu? Gara ka faɗa mini yanzu, don za a gwada."

"Ba na sha. A gwada."

"To mene ne wannan? Ka san teburin nan shi ne fuskar otal."

"Gashina ne, Bu. Ina wanke shi, ina ɗaure shi kamar yadda kika gani. Ba zai shiga tsakanina da baƙo ba. Ki gwada ni wata ɗaya, in an kawo ƙara saboda shi, na tafi da kaina."

Bai ƙara komai ba. Bu Herlina ta jingina da kujera tana dubansa, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Shirun ya yi tsawo, ko kuma Darmaji ne ya ji ya yi tsawo. Ya ga kamar yaron ya bar hujjarsa mafi ƙarfi a aljihu saboda kunya, kuma ana gab da mayar da shi a kan zargin da bai shafe shi ba. Sai ya yi gyaran murya.

"Bu, in kin ba ni dama. Ba ado ba ne, ba kuma shi ya yi wa kansa ba."

Ya ba ta labarin duka, zazzaɓin, da kakannin dutse, da yadda ake lallashin irin waɗannan yara kamar 'ya'yan sarki, da fararen kayan da ake sa musu ranar aski, da tafkin da ake kai gashin. Ya tsara maganar da kyau, don ya daɗe bai yi zancen garinsu ba, kuma ya ji daɗin yinsa. Bai dubi Wiratmo ba sai da ya gama. Yaron yana kallon tebur, kunnuwansa sun yi ja.

"Irin yaran da ake nunawa a talabijin lokacin biki?" in ji Bu Herlina. Ta miƙe zaune sosai. "Na ɗauka ƙanana ne kawai. Babba guda, mai jin Turanci? Pak Darmaji, ka ɓoye mana wannan duk tsawon lokacin nan?"

Kafin la'asar an ƙirƙiri sabon muƙami, aka sa masa suna jakadan al'ada. Albashin bai gaza na teburin ba. Sharaɗi ɗaya ne, kada ya aske, kada kuma ya ɗaure. Teburin karɓar baƙi aka ba wata yarinya 'yar garin Salatiga.

A mota Darmaji ya ce, "Ƙafa ɗaya ta shiga. In suka ga aikinka, za su matsar da kai."

"Haka ne, Pakde."

"Da ban yi magana ba, da ta sallame ka."

"Wataƙila."

Wannan kalma ta zauna wa Darmaji a ƙirji. Ya yi shekaru yana aiki da matar nan, ya san shirunta na ƙi, ya san na yarda, amma da ya koma yana auna na ranar sai ya kasa tantance wanne ne.

Aka ɗinka wa Wiratmo fararen kaya, aka ɗaura masa farin ƙyalle a goshi, aka saki gashin a kafaɗunsa, aka tsayar da shi a zauren shiga kusa da tukunyar furanni. Aikinsa ya haɗa hannuwa ya yi wa baƙi maraba, ya ba da labarin gimbal ga mai so, ya tsaya a ɗauki hoto. Masu so kuwa ba su da iyaka. Turawa sukan tambaya kafin su taɓa. Mutanen gida ba sa tambaya. Wasu sukan miƙa masa jarirai ya shafa musu kai, wani ɗan kasuwa ya ja shi gefe ya roƙe shi lambar caca.

Ma'aikata suka sa masa suna Yarima. Tukijan, tsohon mai ɗaukar kayan baƙi, ba ya wucewa sai ya rusuna.

"Ranka ya daɗe, yau me za a kawo? Akuya ko keke?"

"Ka kawo mini kujera, Pak Tukijan. Ƙafafuna sun mutu."

"Kujera? Sarki ba ya zama a gaban talakawa. Mu da muke da sanƙo mu ne da ɗaukar akwati, kai kuwa gashi ke ci da kai. Da na sani da ban yarda da wanzami ba."

Wiratmo yakan yi dariya, kuma Darmaji, wanda ofishinsa yake da taga mai kallon zauren, yakan riƙe dariyar nan a matsayin shaida cewa abin bai yi muni ba. Wata rana layi ya taru a teburin, yarinyar Salatiga ta rikice da wasu baƙi 'yan Holan, sai Wiratmo ya zagaya ya tsaya kusa da ita, ya warware matsalar cikin ɗan lokaci. Bu Herlina ta fito daga lifta ta gan shi. Ba ta yi faɗa ba. Ta dafa kafaɗarsa ta ce ya kyauta, amma ya koma wurinsa, akwai motar 'yan yawon buɗe ido da ke tafe kuma shi suka zo gani.

Ba a daɗe ba aka buga hotonsa a babban ƙyalle aka rataye a ƙofar otal. Wani ɗan ƙauyensu mai tuƙa motar kabeji ya gani, ya ɗauka a waya ya kai wa Sumirah. Ta kira yayanta yana tsakiyar aiki.

"Mas, wa ya ɗaura masa farin ƙyallen nan?"

"Kayan aiki ne kawai."

"Na ranar aski ne. Sau ɗaya ake sa shi, a cire da gashin. Kai ba ka gaya musu ba?"

Shi ne ya gaya musu, shi ya sa suka ɗinka. Ya ce mata zai duba, ya tambayi lafiyar gona, ta amsa a taƙaice ta kashe.

Ya yi niyyar yi wa Bu Herlina zancen ƙyallen, ya yi ta ɗagawa, har abin da ya fi shi ya faru. Wata hamshaƙiyar mai shagunan zinariya ta sauka a otal ɗin da 'yan rakiyarta. Ta nemi hoto, ta tsaya bayan Wiratmo, kuma yayin da yake murmushi ga mai ɗauka, ta zaro ɗan almakashi daga jakarta ta datse kan igiya ɗaya, tsawon ɗan yatsa, ta ƙulle a hankici. Ya ji ƙarar a bayan kunnensa. Da ya juya sai ta yi masa murmushi ta ce albarka take nema wa sabon shagonta, ta miƙo masa kuɗi. Bai karɓa ba. Ya tsaya da hannunsa a ƙeya har ta shiga lifta.

Darmaji ya je ofishin manaja da zafinsa. Bu Herlina ta nuna ɓacin rai na gaske, ta ce wannan rashin mutunci ne, kuma ba za ta bari a sake ba. Amma ba za a iya tunkarar baƙuwar ba, ta kama hawa guda na otal ɗin. Washegari da Darmaji ya shigo ya ga maganin da ta samo. An kawo sandunan ƙarfe masu ƙyalli da jar igiya, irin waɗanda ake kewaye tsohon mutum-mutumi da su, an kewaye wurin tsayuwar Wiratmo. An kuma kafa ɗan allo mai roƙon baƙi kada su taɓa.

Ranar ko Tukijan bai yi tsokana ba. Ya wuce da akwatunansa kansa a ƙasa.

Darmaji ya zauna a ofis ya kasa aiki. Ta taga yana ganin yaron a cikin igiyar, hannuwa haɗe, yana murmushi ga wasu yara da suka tsaya a iyakar da aka yi musu. Ya tuna yadda ya ɗaure gashin nan da baƙin zare ranar intabiyu, da yadda ya tsaya a kan magana ɗaya, cewa a gwada aikinsa. Ya sauke labulen tagar, sannan ya ji kunyar saukewar, ya sake ɗagawa.

Da aka tashi aiki Wiratmo ya ƙwanƙwasa ƙofarsa. Ya riga ya canza kaya, fararen suna naɗe a hannunsa. Bai zauna ba.

"Pakde, ina so a aske mini."

Darmaji ya dube shi. Muryar ba irin ta ranar da suka je gidan Mbah ba ce.

"Ka san sharaɗin. In ka aske, babu aikin nan. Teburin kuma an ba wata."

"Na sani."

"Saboda matar jiya ce? Ko jar igiyar nan? Igiyar zan sa a cire."

"Tun ina yaro ban taɓa jin nauyinsa ba. Yanzu ko a kwance nake ina jin sa. Ba nawa ba ne kuma."

"Ka dakata tukuna. Bari in je wurin Bu Herlina, in yi mata bayani yadda za ta gane. Akwai gurbi a sashen ajiye ɗakuna ta waya, can ba wanda zai ga kanka. In na ce mata..."

"Pakde." Bai ɗaga murya ba. "Ina da abin da nake so a ba ni."

"Mene ne?"

"Kada ka sake yin magana a madadina. Ko a nan, ko a wani wuri. Ko da alheri ne."

"Wannan ba abin nema ba ne. Ka nemi babur, ka nemi waya."

"Shi nake so."

Suka hau dutse a ƙarshen mako. Mbah Ngadiman ya zaunar da yaron gabansa kamar wancan karon, ya yi masa tambayoyin nan dai, ya saurari amsoshin, ya gyaɗa kai. Sannan ya juya ga Darmaji.

"Ka ji abin da ya nema. Za ka iya?"

"Zan iya, Mbah."

"Kada ka yi saurin amsawa. Na ga uban da ya sayar da gona don ya kawo saniya, amma shi ranar ya gama. Naka ba ya ƙarewa. In ka san za ka karya, gara mu bar kan nan yadda yake."

Darmaji ya dubi ƙanwarsa, wadda ta tsaya a bakin ƙofa da hannu a baki. Ya sake cewa zai iya.

Ba a yi taro ba. Sumirah ta dafa shinkafar sadaka, aka kira maƙwabta kaɗan, aka yi addu'a. Wiratmo ya ƙi sa fararen kaya, ya ce ya sa su ya ishe shi, dattijon kuma bai matsa ba. Aka wanke kan da ruwan rijiya, Mbah ya yi bismilla ya fara datsewa igiya bayan igiya, yana ajiyewa a farin ƙyalle. Da ya zo kan wadda baƙuwar nan ta datse wa kai sai ya tsaya ya juya ta a hannunsa, ya wuce bai tambaya ba. Sumirah ta yi kukanta a hankali. Da aka gama, wuyan yaron ya fito siriri, fatar kansa fara, ya yi ta shafa ƙeya kamar mai neman abin da ya ajiye. Suka kai ƙunshin tafki, ruwa ya tafi da shi.

Zazzaɓi bai zo ba. Wiratmo ya zauna a ƙauye yana taya uwarsa haƙar dankali, yana aika takardun neman aiki da kansa, bai gaya wa kawunsa inda yake aikawa ba. A otal aka sauke hoton, aka mayar da sandunan ƙarfen ɗakin ajiya. Bu Herlina ta ɗauki abin a matsayin butulci, ta ce an yi wa yaro gata ya tafi ba sallamar kirki, kuma haka ta ce a faɗa wa duk wanda ya tambaya. Darmaji yana tsaye a gabanta lokacin da ta faɗa. Ya buɗe baki, ya rufe.

Damina ta kusa ƙarewa sa'ad da wayar ofishinsa ta yi ƙara wata safiya. Pak Suwondo ne, abokinsa tun suna ƙananan ma'aikata, wanda yanzu yake riƙe da sashen ma'aikata na wani babban otal a birnin Yogyakarta. Suka gaisa, suka yi wa juna tsiya a kan hawan jini da furfura, sannan Suwondo ya zo kan abin da ya sa ya kira.

"Akwai wani yaro da ya zo intabiyu jiya, Wiratmo. Teburin baƙi yake nema. Ya burge ni, ba zan ɓoye maka ba, su biyu suka rage, shi da wani. Amma ya ce ya yi aiki a wurinku ɗan lokaci, da na tambayi wane aiki sai ya ce tarbar baƙi a zaure, bai ƙara ba. Na kira ofishin manajarku, aka ce mini ya tafi haka kawai. Ka san shi?"

"Na san shi."

"To madalla. Yaya yake? Kalmarka ɗaya ta ishe ni, Darmaji. In ka ce in ɗauka, yau zan kira shi."

Darmaji ya riƙe wayar. Maganar tana bakinsa a shirye, a tsare, ta fi wadda ya yi a gaban Bu Herlina kyau. Ya san yadda zai fara da inda zai ƙare, ya kuma san gaskiya ce duka. Babu wanda zai ji. Yaron yana can kan dutse, ba zai taɓa sani ba.

"Kana ji na?"

"Ina ji. Ka tambaye shi da kansa, Suwondo."

"Ai na tambaye shi. Kai nake tambaya."

"Ba ni da abin da zan ce a kansa."

Su biyun sun yi shekaru a wannan aiki, kuma dukansu sun san abin da ake nufi in tsohon ma'aikaci ya ce ba shi da abin cewa a kan mutum.

"Haka ne?" in ji Suwondo a hankali. "To. Na gane."

"Ba ka gane ba."

"To fahimtar da ni."

Darmaji ya rufe ido. Ko bayanin dalilin shirun nasa ma magana ce a madadin yaron, kuma ba za ta yiwu ba sai ya sake kwance labarin gashin tun daga zazzaɓi.

"Ka sake kiransa," ya ce. "Ka zaunar da shi, ka yi masa tambayar da ka yi mini. Iyakar abin da zan iya ke nan."

"Sai na gani," in ji Suwondo, muryarsa ta koma ta aiki. Ya ce a gaida gida, ya ajiye.

Darmaji ya daɗe da wayar a kunne bayan layin ya mutu. Da ya ajiye sai ya jawo takardun da ke gabansa, ya karanta layin farko ya sake karantawa bai fahimci komai ba. Aka ƙwanƙwasa ƙofa, sakatariya ta leƙo ta ce masu neman aikin wanki sun taru, ko a fara shigo da su. Ya gyara zaman kwat ɗinsa, ya ce a shigo da na farko.